Tankin da na ɓoye a motar Hamidu

Ku samarin da kuke shigowa garajina a Bukoki da waya a hannu, kuna nuna mini hoton kat-kat, motar nan ta shiga daji, da aka ɗaga sama da manyan tayoyi, kuna cewa, "Baba Isufu, irin wannan nake so, ai ba wani aiki ba ne," ku sami benci ku zauna. A cikin waya kome da sauri yake. Wuta ta yi tartsatsi, a ɗaure bulon, ƙusar nan mai murɗi, sai ga mota tana hawa tudun yashi ana kiɗa. Ba a nuna muku mutumin da ya wuni kwance a ƙarƙashinta tsatsa tana zuba masa a ido, ba a kuma nuna muku inda motar take zuwa bayan an gama ɗaukar hoto.

Daga wani ƙauye na jihar Tawa na zo Yamai, gemu bai fito mini ba. Kawuna ya kai ni wurin Patron Sumana, wani Bazabarme mai garaji a nan unguwar, ya ce masa ga ɗa na kawo maka. Patron ya dubi hannuwana, ya ce to. Hausarsa ta ciniki ce, in ransa ya ɓaci sai ta ƙare masa ya koma Zabarmanci, da haka na koyi harshen, kuma daga zagi na fara. Na zo da niyyar koyon sudur, ɗinkin ƙarfe da wuta, amma har damina ta zagayo ban riƙe bakin wuta ba. Aikina wankin tankin mai, wanda a garaji muke kira rezarbuwar.

Wanda bai yi ba zai ɗauka wanki ne irin na tukunya. Za ka tsiyaye man har ɗigon ƙarshe, ka zuba ruwa da sabulu da tsakuwa, ku kama shi ku biyu ku yi ta girgizawa har kafaɗa ta mutu, don tsatsa da laka su saki. Ka zubar, ka sake. Sannan a ja tiyo daga bututun hayaƙin wata mota da ke aiki a zura a bakinsa, hayaƙi ya kori tururin da ya saura. Duk da haka Patron ba ya yarda a kusanto da wuta sai an cika tankin da ruwa har kusa da inda za a ɗinke. Tankin da ke cike bai kai wanda babu kome a cikinsa haɗari ba, balle na esansi, wato fetur. Tururin ne ke fashewa, kuma tururi ba a ganinsa.

Akwai wani mai sudur a tsallaken titi, sunansa Dawda, mutumin kirki mai yawan raha. Wata rana da hantsi aka kawo masa tankin wata tsohuwar taksi da ya daɗe yashe a rana. Ya sa hanci ya sansana, bai ji kome ba, ya kunna wuta. Ƙarar da muka ji sai da ta tayar da tantabarun unguwa gaba ɗaya. Gindin tankin a kan rufin masallaci aka same shi. Da za a sa Dawda a mota a kai shi asibiti, Patron ya kama ni ta wuyan riga ya ja ni har wurin, ya ce, "Duba. Kar ka kau da kai, duba da kyau." Na duba. Dawda bai mutu ba, amma bai sake gani ba. Shekaru bayan nan ina ganinsa a ƙofar masallacin, ɗiyarsa tana yi masa jagora.

Kuna yawan tambayata kayan aiki. Ga su nan kuna gani: kwalbar iska da tukunyar karbir, injin yankan ƙarfe, kirik na ɗaga mota, da guntayen itacen da muke tokare ta da su, don ba a shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita. Amma waɗanda na fi dogara da su ba sa ɗaukar ido. Alli ne, da igiyar awo, da kwalin da nake roƙowa wurin masu shago. Kowane tanki da kwali nake fara yin sa, in sa shi a gurbinsa, in sa mutane su hau bayan motar su yi ta tsalle, in ga ko zai taɓa wani abu. Kwali in ya lalace ka jefar ka ɗauko wani, ƙarfe kuwa in ka yanka ya yanku. Sai ruwan sabulu da famfon taya. In na gama ɗinki sai in toshe kowane baki, in hura iska, in shafa kumfa a kan kowane layi. Inda kumfa ta kumbura, nan mai zai bi ya fita.

Aikin farko da Patron ya sakar mini ni kaɗai na wani likitan dabbobi ne da ke zagaya rugage can arewacin Abalak. Tankin motarsa a baya yake, rataye ƙasa da shasi, wato ƙashin bayan mota. Ya sauka cikin wani kori da ya bushe, gindin motar ya zauna a kan dutse, tankin ya tsage. Da sabulu suka liƙe shi suka lallaɓo har Yamai, mai yana ɗiga a bayansu. A kan kwalta wannan gurbin ba shi da laifi, waɗanda suka ƙera motar ba wawaye ba ne. A daji ne abin da ya fi kusa da ƙasa yake fara lalacewa. Na ƙara wa motar lam, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyi, ta ɗan tashi sama. Na cire tankin na kai shi gaba, tsakanin ƙarafan shasi, na yi masa sulken ƙarfe daga ƙasa.

A baki abin gajere ne. Amma in ka matsar da tanki ka matsar da nauyi, motar da ke tafiya miƙe sai ta koma tana ja gefe ɗaya a kan yashi. Ba a ɗinke tanki a jikin shasi, don shasi yana murɗawa in mota ta faɗa rami, tankin kuwa ba ya murɗawa, sai ya tsage a bakin ɗinki. Da ɗamarar ƙarfe ake ɗaure shi, da roba a tsakani. A ciki sai an yi masa katangu masu huji, in ba haka ba mai ya riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan har ya kayar da mota a gangare. Sai an bar masa hanyar shan iska, sai an nesanta shi da bututun hayaƙi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na san motar da aka manta da shi a jikinta, na kuma san abin da ya same ta. Likitan nan ya dawo bayan damina tankinsa lafiya, ya kawo mini cuku. Patron ya ɗebe rabi, ya ce haƙƙin mai garaji ne.

Da ƙarfin Patron ya ƙare ya koma garinsu a bakin kogi, ya bar mini rumfar. Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai ƴan proje, ma'aikatan ƙungiyoyin raya ƙasa, da shoferorinsu masu tsabtar riga, akwai ƴan kasuwa masu kai shinkafa da taliya arewa, akwai kuma manyan gari da ke son mota ta yi tsawo don a gan su a wurin biki, ba za ta taɓa sauka daga kwalta ba. Da aka sami zinariya a arewa sai aikin ya sake fuska. Motoci suka cika garajin nan har bakin titi, kowa tanki na biyu yake so, don in ka wuce Agadas ka shiga hamadar Tenere babu gidan mai, abin da ka ɗauko shi ne zai fitar da kai. Na ɗauki ma'aikata, na sayi injin sudur na biyu.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka tsananta bincike a hanyar arewa. Motar da aka gani da bido, wato jarka, da yawa, ko da tanki na biyu a fili, sai a ce ta masu safarar mutane ce ko ta masu kai wa ƴan bindiga mai, a tsare ta. Motocin da na yi wa aiki da hannuna suka jeru a wani fili a Agadas, rana tana cin tayoyinsu. Aiki ya tsaya cak. Ma'aikatana suka watse, wani ya koma kabu-kabu, wani ya tafi ƙauye noma. Na sayar da inji ɗaya, na koma gyaran ƙofofin gida da murhun gawayi. Akwai makon da abin da ya shigo garajin nan kaɗai amalanken jaki ne da ƙafarsa ta karye.

A cikin wannan hali Hamidu ya zo. Mutumin Tawa ne kamar ni, shofer, na san shi tun yana tuƙa wa wani. Dogo ne siriri, asuwaki ba ya barin bakinsa, magana ba ta dame shi ba. Matarsa da ƴaƴansa suna unguwar Banifandu. Ya tara ya sayi tsohuwar kat-kat ta gazuwal, wato dizal, mai akwati a baya, da ita yake kai abinci da kayan haƙa da masu haƙar kansu wuraren zinariya. Ya jira har mai shayin da ke zama a bakin rumfata ya tashi, sannan ya cire asuwakin.

"Malam Isufu, tanki nake so. Amma wanda ido ba zai gani ba."

"Idon wa?"

"Idon kowa. Na masu shingen bincike, na ɓarayin hanya, har na fasinjana."

Na ce masa ban taɓa yin irinsa ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zo wurina, don masu yin irin aikin a gari an riga an san hannunsu, an san inda suke ɓoyewa.

"In na ɗauki bido da yawa a tsare mota," in ji shi. "In na ɗauki kaɗan in mutu a hanya. In na zauna gida yara su kwana da yunwa. Kai ka zaɓa mini ɗaya."

Na karɓi aikin. Na rataya tanti a bakin rumfa, na yi shi ni kaɗai. Da farko na matsar da tankin motar na asali gaba, na ɗaga shi daga bakin duwatsu, kamar yadda na saba. Sannan na sauke akwatin baya gaba ɗaya. Na ɗinka tanki mai faɗi marar kauri, kamar katifa, na kwantar da shi a kan daɓen akwatin, na yi masa sabon daɓe daga sama. Ban sa sabon ƙarfe a saman ba. Na je wurin masu tsofaffin motoci na zaɓo falle mai tsatsa da lotsawa, na shafa masa baƙin mai da ƙasa, har ya zama kamar tare suka tsufa da motar. Bakin zuba mai na sa shi ƙarƙashin farantin da ake ɗaure tayar ajiya. Hanyar shan iska na bi da ita ta cikin ɗaya daga cikin sandunan da ake ɗaure tanti. Tiyon mai ya bi ta cikin ƙarfen shasi, ko ka kwanta ƙarƙashi da tocila ba za ka gan shi ba. Robine kuma, ɗan famfon da ke buɗe wa man hanya zuwa inji, na kai shi ƙarƙashin kujerar shofer, ƙarƙashin tabarmar roba, na rufe shi da wani ɗan faranti mai ƙusoshi irin na sauran jikin motar. Man da tankin ke ɗauka zai kai ta Dogondutsi ta dawo da saura.

Ranar da ya zo karɓa na nuna masa yadda zai yi. Ya ɗaga tabarma, ya kwance faranti, ko da bakin wuƙa yana kwantuwa, ya murɗa robine, ya buɗe kapo, murfin inji, ya danna famfon da ke kan matatar mai har ya yi tauri. Ya yi a gabana har hannunsa ya saba. Sai na tambaye shi, "Wa ya sani bayan ni da kai?"

Ya nuna sama da asuwakinsa.

"Hamidu, ka gaya wa mutum ɗaya. Ko yayanka, ko wanda zai zauna kusa da kai a hanya."

"Malam Isufu, ba ka san shinge ba. Abokina fasinjansa ne ya tona shi. An jera su a rana, aka ce wanda ya faɗi gaskiya zai wuce. Kafin a rufe baki wani ya nuna da yatsa. Motar tana can har yau." Ya shafa daɓen akwatin da tafin hannu. "Abin da mutum bai sani ba, ba ya faɗa."

Na sake yi masa magana, ya yi dariya ya shiga mota.

Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Duk dawowa sai ya biyo ta nan ya ajiye mini dabino a leda, ya ce, "Ya yi." Sau ɗaya ya ƙara da cewa a wani shinge an sauke kayansa kaf, an shiga ƙarƙashi, an bubbuga, ba a ga kome ba.

Da bazara, lokacin da zafi ke hana riƙe ƙarfe da hannu, labari ya zo cewa ɓarayin hanya sun harbe Hamidu. Na je ta'aziyya Banifandu, muka zauna ƙarƙashin tanti. Ba wanda ya san zancen filla-filla. An ce akwai fasinjojin da suka rasu tare da shi. Na ɗauka duk harbinsu aka yi, na kuma ɗauka ɓarayin sun tafi da motar.

Bayan damina sai ga wani kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar garaji, motar Hamidu a bayansa. Yayansa Alhaji Idi, mai sayar da yadi a wajen Mawrai, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sakar masa ita a Agadas. Tare da shi akwai wani mutum da bai wuce shekara talatin ba, ramamme, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gaishe ni ya koma gefe ya tsaya. Na ɗauka wani ɗan'uwansu ne.

Muka sauke ta a kan itace, don babu taya ko ɗaya a jikinta, har ta ajiyar. Kapo a ɗaure yake da igiya, an taɓa cire shi. Na duba radiyata, tukunyar ruwan inji, a bushe take, an buɗe ta daga ƙasa. Na ce a raina a filin da aka ajiye ta ne aka yi mata ɓarna.

Alhaji Idi ya ce, "Malam Isufu, so nake ka duba ko injin yana da rai. In ya tashi a gyara a sayar, marayu su sami abin riƙe kai."

Na toshe radiyata na cika ta da ruwa, na duba baƙin mai, na ɗaura batirin garaji. Alhaji ya ce bari ya aika a sayo gazuwal, don tankin a bushe yake. Na zagaya baya na ƙwanƙwasa daɓen akwatin da bayan yatsa, a inda na san babu katanga a ciki. Sautin bai yi amo ba.

"Alhaji, bar shi," na ce. "Akwai mai."

"A ina?"

Na buɗe ƙofar shofer na durƙusa. Na ɗaga tabarmar roba, na ga duk ta kakkarce, har farantin ma da zane-zane a jikinsa da wani baƙin tabo, na ce ɓeraye ne. Na kwance shi, na murɗa robine. Na danna famfo har iska ta fita ya yi tauri. Na murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya tashi ya tsaya daidai kamar jiya aka kashe shi.

Na waiwayo in yi wa Alhaji albishir, sai na ga mutumin nan ramamme zaune a ƙasa cikin baƙin mai, hannuwansa biyu a ka.

"Baba, kashe ta," in ji shi. "Don Allah kashe ta."

Na kashe. Alhaji Idi ya daɗe yana duban motar kafin ya ce, "Wannan shi ne Musa. Yana cikin motar ranar."

Na ba shi ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Daga nan ƙasa ya ba mu labari, ba ya duban kowa. Shi ɗan taksi ne a nan Yamai, aiki ya yi ƙasa, ya ce bari ya je arewa ya nemi tuƙi. Da yake shofer ne, Hamidu ya zaunar da shi a gaba kusa da shi. A baya akwai maza masu zuwa haƙa, da wata mata mai sayar da abinci da za ta je wurin mijinta. Sun wuce rijiya ta ƙarshe da nisa sai motoci biyu masu gudu suka fito musu daga bayan tudu. Suka kwashe bidon mai, suka kwashe wayar da ke kamawa a sahara, suka zura tiyo suka zuƙe tankin har inda tiyon ya kai. Motar ba su so ta ba, tsohuwa ce, ba ta gudu. Da suka fara ɗaukar bidon ruwa Hamidu ya riƙe ɗaya ya ce a bar wa mutane. Sai ɗayansu ya harbe shi a muƙamuƙi.

Bai mutu nan take ba, amma magana ta ƙare. Suka ɗaure masa fuska da rawani, suka kwantar da shi a kujerar gaba. Musa ya karɓi tuƙi ya juya, yana bin sawun tayarsu zuwa rijiya da ɗan man da ya rage. Iska ta riga ta fara share sawun. Suna cikin tafiya injin ya shaƙe, ya mutu.

Abin da ya biyo baya Musa ya faɗe shi a gajarce. Wasu suka ce za su taka da ƙafa su nemo rijiyar, suka tafi, ba a sake ganinsu ba. Waɗanda suka zauna suka cire kapo suka yi inuwa da shi. Suka riƙa ƙona tayoyi ɗaya bayan ɗaya ko wani zai hango hayaƙi. Da ɗan ruwan da aka bar musu ya ƙare suka buɗe radiyata suka tace da ƙyalle suka sha. Matar nan ita ta riƙa raba ruwan da murfin bido, ita ce kuma ta fara rasuwa a cikin masu zama. Lokacin da wani ayarin motoci ya hango baƙin toka ya ratso, Musa da wani dattijo kaɗai ke numfashi. Waɗanda suka ɗauke su suka ce rijiyar ba ta da nisa, mai mota zai kai kafin shayi ya dahu.

"A kan akwatin nan muke kwana," in ji Musa. "A kansa muka jera su kafin mu rufe su da yashi."

Ya tashi ya zo ƙofar shofer, ya durƙusa inda na durƙusa, ya daɗe yana duban robine ɗin. Ya sa yatsa ya taɓa farantin da na ajiye a kan kujera, ya bi zanen da ke jikinsa.

"Baba, lokacin da injin ya mutu yana da rai. Ya buɗe ido. Ya jawo jikinsa ya miƙo hannu ta kan ƙafafuna, yana kai shi ƙarƙashin kujera. Na ce ko wani abu ya ajiye, na leƙa, na ɗaga tabarma, ban ga kome ba sai ƙarfe da ƙusoshi. Na mayar da shi na kwantar. Ya sake jawowa. Yana ta kartar wurin, yana wani gurnani, jini yana fita ta rawanin, har farcensa ya karye." Ya janye yatsansa daga farantin, ya ce, "Na ɗauka zafin fitar rai ne. Sai na riƙe masa hannun, Baba. Na riƙe shi da ƙarfi ina yi masa kalmar shahada, har ya daina."

Alhaji Idi ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sake faɗa, ya kama kafaɗar Musa ya tashe shi. Aka kira la'asar, muka tsallaka titi muka yi salla a sahu ɗaya. Da muka fito Musa ya wuce bai yi sallama da kowa ba. Alhaji ya raka ni har bakin rumfa ya ce, "Ka cire tankin nan kafin a sayar. Man kuma kar in gan shi."

Tun daga ranar ba na ɓoye robine. Wanda ya zo da wannan buƙata ina gaya masa a tsaye cewa ya nemi wani. Nawa a fili yake, kusa da sandar giya, da jan fenti, kuma mota ba ta fita garajin nan sai mutum biyu sun murɗa shi da hannunsu a gabana. Akwai waɗanda suka ji haka suka juya da motarsu, ban kira su ba.

Washegarin ranar da aka kawo motar Hamidu na sauke akwatin, na yanke daɓen sama, na tsiyaye man a tano, wato duro, na kai wa mai injin niƙa na unguwa, ban gaya masa daga inda ya fito ba. Tankin cike yake kamar ranar da Hamidu ya zuba. Rana da ramuka da watannin da ya yi a yashe ba su sa ya yi yoyo ko ɗigo ɗaya ba. A duk tankunan da na ɗinka a rayuwata babu wanda ya kai shi kyau.